Yatsun Gwana

Ranar da za ta koma shago, ɗaurin ɗankwali ne ya fara tsayar da ita. Ta tsaya gaban madubi ta kai hannuwa ƙeya tana neman bakin ƙyallen ta ƙulla, sai ta ji kamar da hannun wata take laluben. Ya zame, ta sake, ya kuma zamewa. Daga ƙarshe ta jawo ƙullin gaba inda ido zai gani, ta ɗaure, sannan ta juya shi baya.

Maigidanta yana bakin gado yana sa takalmi. Ya gani, bai ce ya gani ba.

"Da kin ƙara ko wata guda," ya ce. "Shagon ba gudu zai yi ba."

"Na gaji da kallon silin, Baban yara. Na haddace duk inda ruwa ya ɓata shi."

"To ki ci wani abu."

"In na je can."

An doshi shekara rabonta da kitso. Ciwon daji ne ya kama ta a mama. Aka cire na hagun, aka bi da ruwan magani da ake ƙara mata a jijiya, wanda ya kwashe gashin kanta har da gira, ya mayar da abinci kamar ƙasa a bakinta. Yanzu gashin ya fara tsirowa, gajere, mai laushi kamar na jinjiri. Ɗanɗano ma ya dawo rabi da rabi. Abin da bai dawo ba shi ne kan yatsunta. Sun sage, kamar ta sa safar hannu mai kauri ta manta ba ta cire ba. Likita ya ce maganin yakan yi haka, wasu yakan sake su, wasu kuma shi ke nan. Bai ce mata ga layin da take ba, ita ma ba ta tambaya ba. Kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Matan unguwa ne suka sa mata Gwana tun tana kitso a ƙofar gida, sunan ya bi ta har ya danne na yanka. Shagon nata yana tsakanin mai gyaran waya da kantin magani, ɗaki ɗaya ne mai dogon madubi da ya tsage a kusurwa, da benci, da kwamin wanke kai a can ciki. Ƙanwarta, Auta, ita ta riƙe shi duk tsawon jinyar. Sai Rediyo, wata bazawara mai jiki, wadda aikinta wanke kai da tsifa da busarwa, da kuma labarin kowa da kowa.

Rediyo ce ta fara hango ta. Ta saki tsintsiya ta rangaɗa shewa har mai gyaran waya ya leƙo.

"Lale! Mai shago ta dawo, 'yan riƙon ƙwarya a tattara! Auta, sauke fankar nan daga kujerar Yaya kafin ta ga mun naɗa mata magajiya."

Fanka ce kuwa a kan kujerarta, da tarin tawul a ƙarƙashi. Auta ta kwashe su da sauri, ta zo za ta rungume ta, sai ta tsaya tana shawarar ɓangaren da za ta kama. Ta kama na dama a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Kin rame, Auta."

"Ji mai magana," in ji Rediyo. "Ku biyun in an haɗa ku ba za ku cika zanina ba. Yaya, cire ɗankwalin mu ga sabon girbi."

"Bai isa yanka ba."

"To in ya isa ni zan fara wanke shi, kyauta, ba don halinki ba."

Gwana ta yi dariya, dariyar gaske, ta farko da ta daɗe ba ta yi ba. Ta zauna. Kujerar ta karɓe ta kamar jiya ta tashi. Kibiyarta ta tsaga tana nan a gwangwanin da ta bar ta, da matajinta mai karyayyen haƙori.

Wadda ta fara zuwa Malama ce, shugabar wata makarantar yara, wadda ba ta taɓa miƙa kanta ga kowa ba sai Gwana, sai da jinya ta tilasta. Ta zauna a 'yar kujera tsakanin gwiwoyinta, ta zare ɗankwali.

"Kaina ya yi maraici, Gwana. Auta tana ƙoƙari, amma hannun bahaguwa ai sai a hankali."

"Na ji ki, Malama," in ji Auta daga can.

"Don ki ji na faɗa."

Gwana ta ɗauki kibiya ta ja tsaga ta farko daga goshi zuwa ƙeya. Ta fita a miƙe, don tsaga aikin ido ce. Ta raba silin gashi uku ta kama. Nan ta ji babu komai a hannunta. Tana ganin gashin tsakanin yatsunta, amma ba ta jin sa.

A da ba ta kallon kitso in tana yi. Idonta yana titi, bakinta yana hira, yatsu suna tafiyarsu. Su ke sanin inda gashi ya yi kauri a ƙara ja, da inda ya yi sirara a gefen kunne a sassauta. Su ke jin fatar kai ta ɗaga kafin mai kan ta ce wash. Abin da ta koya wa Auta ke nan tun tana ƙarama: kitso ba a ido yake ba, ja ne, kuma ja a yatsa yake. Yau sai ta sunkuya har numfashinta yana taɓa kan Malama, tana bin kowane sili da ido, tana kintatar ƙarfin da za ta sa. Wuyanta ya ƙage. Ɗinkin ƙirjinta ya riƙa ja. Kitson da takan gama kafin shayi ya huce ya kai su har rana ta take.

Malama ta tashi ta juya kai gaban madubi, dama da hagu.

"Kai! Hannu dai hannu ne. Auta, zo ki ga yadda ake yi."

Gwana ta duba ita ma. A ido ba laifi. Layukan sun kwanta, jelar ta tufku. Ta saki numfashin da ta riƙe tun safe.

Haka aka ci gaba. Tsofaffin masu zuwa wurinta suka dawo ɗaya bayan ɗaya: matar direba, da mai sayar da yadi, da Nas ta asibitin da ake duba ta. Ko Auta tana zaune ba aiki, sai su ce Gwana suke jira. Su zauna tsawon lokacin da za ta ɗauka ba ƙorafi, su tashi suna yabo. Ba ta wuce kai biyu a yini, ta koma gida ta kwanta kamar an yi mata duka, amma ta fara cin abinci. Maigidanta ya lura.

"Ashe shagon ne maganin," ya ce. "Da mun sani da ba mu wahalar da likitoci ba."

Ta fara gaya wa kanta cewa ido ma yana iya koyon aikin yatsa. Wani lokaci da safe takan murza babban yatsa a kan manuni ta ce kamar yau ta ɗan ji wani abu.

Abu ɗaya ne ya dame ta, Auta. Da la'asar ta yi sai ta ɗauki jaka ta ce surukarta ba lafiya, za ta leƙa. Da safe ta zo a makare, ido ya faɗa, tana matsa wuyan hannunta na hagu.

"Wai me ke damun tsohuwar nan ne? Ko in je in gaishe ta?"

"A'a Yaya, tsufa ne kawai. Ba ta son a dame ta."

Rediyo, wadda ko akuyar wani ta yi tari sai ta ba da labari, ba ta taɓa cewa uffan a kan ciwon surukar ba. Takan sunkuya ne ta kama wanke kwamin da ba shi da datti.

Ranar komawarta asibiti ta zo, ranar awon jini. Ta zauna a dogon bencin da ta sani, cikin warin magani, tsakanin masu ɗankwali irin nata, waɗanda ba a ganin tudun gashi a ƙarƙashinsa. Da aka kira ta, Nas ce a ɗakin, wadda ta yi wa kitso shekaranjiya.

"Gwana da kanta! Kawo hannun dama, na hagun mun yafe masa. Kin san kitson nan naki ya hana ni sakat? Kowa sai ya tambaye ni wa ya yi."

Ta ɗaura mata roba a damtse, ta sunkuya tana neman jijiya. Jijiyoyin sun gaji da allura, sun ɓuya, sai da ta ƙara sunkuyawa. Hularta ta zame gaba, ƙeyarta ta fito fili, tazarar tafin hannu daga idon Gwana.

Irin kitson ne. Yawan layukan ne, tsagar ma tata ce, ba a taɓa ta ba. Amma saƙar ta kwanta ne daga hagu zuwa dama, kowane sili yana hawa ɗan'uwansa ta baibai, jelar kuma an murɗe ta ta ɓangaren da hannun dama ba ya murɗawa. Ta san wannan hannun. Ita ta yi fama da shi shekara da shekaru tana son ta juya shi, ya ƙi juyuwa, ta haƙura.

"Na samu," in ji Nas. "Kin ji zafi?"

"A'a."

Ta fito ba ta tsaya karɓar ranar dawowa ba, sai da aka biyo ta da katin. A mota ta zauna jikin taga ta ɗora hannuwanta a cinya tana kallon su. Ba su canja ba. Ga kantar da gashi ya yi mata a gefen manuni, ga farcen da ya fara komawa kalarsa. Duk wanda ya gan su zai ce hannun mai sana'a ne.

Ba ta yi gida ba. Ta iske shagon ba baƙo, Auta tana haɗa jaka, Rediyo tana shanya tawul.

"Yaya! Ai na ɗauka yau hutu ne. Me likita ya ce?"

"Ina za ki?"

"Wurin Inna, surukata."

"Gidan wa za ki yau? Matar direba? Ita na yi wa jiya."

Auta ta tsaya da jakar a hannu. Ta dubi Rediyo. Rediyo ta dubi silin.

"Na ga kan Nas," in ji Gwana. Ba ta ɗaga murya ba. "Ni na koya miki, Auta. Ko a duhu aka miƙo min kitsonki zan..." Ta katse maganar, don ta tuna a duhu yanzu ba za ta gane komai ba. "Ajiye jakar."

Auta ta ajiye. Ta zauna a bakin benci, ta haɗa gwiwa kamar yarinyar da ta fasa tulu.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Rediyo a hankali. "Ni dama cikina ya kusa fashewa. Ki tambayi kowa, ban taɓa riƙe magana ta kwana ba sai wannan."

"To sauke ta."

"Yaya, kitson ba ya kwana. Wani layin kafin gari ya waye ya saki, kamar ba a yi ba. Wani kuma..." Ta dubi Auta.

"Wani kuma ya yi ja da yawa," in ji Auta, idonta a ƙasa. "Har fatar ta tashi, ta yi ƙuraje. Malama ba ta yi barci ba ranar farko. Ta kira ni na je na warware, na bi tsagarki na mayar. Ba na taɓa tsagar, Yaya, wallahi tsagarki tana nan yadda take, babu mai irinta."

"Malama ta ce hannu hannu ne."

"Ita ta kawo shawarar. Ta bi su ɗaya ɗaya. Ta ce kowa ta zo wurinki tukuna, ta zauna, ta yi shiru, daga baya ni in bi gida. Ta ce in kika ji ba a son hannunki, abin da ciwo bai yi ba baƙin ciki zai yi."

"Duk sun sani ke nan."

Rediyo ta gyaɗa kai.

"Mai yadi ma? Da ta ce min ta fi jin daɗin na yanzu, ya fi taushi?"

"Don Allah Yaya, ba da mugunta ba ne," in ji Rediyo. "Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Matan nan suna zama sau biyu a kan kai ɗaya saboda ke. Ni ko mijina na fari ban yi wa wannan haƙurin ba."

Rediyo ta so a yi dariya. Ba a yi ba.

"Baban yara fa?"

Auta ta ƙara sunkuyar da kai. Gwana ta gyaɗa nata. Ta tuna shi yana cewa ashe shagon ne maganin, yana tura mata kwano.

Ta je ta zauna a kujerarta, ta zaro kibiya daga gwangwani.

"Zo ki zauna."

"Yaya..."

"Cire ɗankwalin. Ke ba baƙuwa ba ce, ba ki da dalilin yi min kara. In ya yi ja ki ce ya yi ja, in ya saki ki ce ya saki. Sai in san inda zan gyara. Ai ana koyo. Ke ma da ba ki iya ba."

Auta ta zo ta zauna tsakanin gwiwoyinta, inda ta saba zama tun ba ta da wayo. Kanta a tsefe yake, ba ta samu lokacin kitsa nata ba. Gwana ta ja tsaga, ta raba uku, ta kama. Ta sa duk hankalinta a kan yatsun, tana roƙonsu kamar mai roƙon yaro ya tashi daga barci.

"Ya kika ji nan?"

"Daidai."

Ta ci gaba, ta gangaro gefen kunne inda gashi ba shi da ƙarfi.

"Nan fa?"

"Daidai ne, Yaya."

Ta ɗaga ido ta dubi madubi. Auta ta cije leɓe, girarta ta ɗage sama saboda jan, hawaye ya taru a idon da ke ɓangaren kitson. Da suka haɗa ido sai ta yi murmushi. Gwana ta mayar da kallonta kan tsagar. A inda kibiya ta bi akwai wani siririn layi ja, jini yana tsattsafowa kaɗan kaɗan. Ba ta san lokacin da ta danna ba.

Ta buɗe yatsunta. Rabin kitson ya tsaya a tsaye, jelarsa a sake.

"Rediyo, warware mata. Ki sa mata magani a wurin."

Ta mayar da kibiyar gwangwani. Ta ɗauki gwangwanin gaba ɗaya, da matajin, ta kai teburin Auta ta ajiye. Ta ɗauko fankar daga ƙasa ta ɗora a kan kujerar.

"Yaya, don girman Allah kar ki yi haka," in ji Auta, tana kuka sosai yanzu. "Likita bai ce ba za su dawo ba."

"Bai ce za su dawo ba."

"To ki zauna kawai. Ki riƙa yi mana tsaga, ki riƙa hira da mutane. Shagonki ne."

"In zauna a riƙa gaishe ni kamar hoto? Na yi wannan a gida." Ta dubi kwamin wanke kai. "Rediyo, kin iya manyan kitso, na sha ganin kina yi wa 'ya'yan maƙwabta. Ki riƙa taya ta. Ni zan karɓi wankin kai."

"Ni? Kitsona ai sai wanda ya yi wa uwarsa laifi."

"Za ki koya. Yatsunki suna ji."

Suna cikin haka aka yi sallama. Matar direba ce, ta gaji da jiran Auta a gida ta biyo sawu. Ta yi turus a bakin ƙofa da ta ga Gwana, hannunta ya kai kan ɗankwalinta yana ƙara jawo shi.

"Au, Gwana, kina nan? Wucewa nake na ce bari in..."

"Shigo. Cire, na riga na sani."

Matar ta dubi Auta, ta ga idonta. Ta zare ɗankwalin a hankali. Layuka biyu na gaba sun saki sun yi buzu-buzu, na gefen kuma ya ja fatar har ta yi ƙyalli. Gwana ta tsaya ta kalli aikinta da kyau, ba ta kawar da kai ba.

"Rediyo za ta tsefe, ni in wanke, Auta ta kitsa. Sau ɗaya za ki zauna yau."

Rediyo ta tsefe kan. Gwana ta jona butar lantarki, ta jira ta tafasa, ta juye a bokiti, ta sirka da na famfo. Ta tsoma hannu don ta ji. Ta ga ruwan ya rufe yatsunta, ta ga suna motsi a ciki. Ko na randa ne ko na wuta, ba su gaya mata ba. Ta daɗe a haka. Sannan ta naɗe hannun rigarta har sama, a gabansu duka, ta sunkuya ta tsoma gwiwar hannu kamar mai shirya wankan jariri. Kamar ya yi. Ta ƙara na sanyi kaɗan, don ba ta yarda da kamar ba.

Matar direba ta kwantar da kai a bakin kwamin, ta rufe ido. Gwana ta yafa mata tawul a kafaɗa, ta cika moɗa, ta ɗaga.

"Ki ji ni," ta ce. "In da zafi ki faɗa min. Ba taimakona za ki yi ba in kin yi shiru. Don Allah ki faɗa min gaskiya."

"Haba Gwana," in ji matar, idonta a rufe, tana murmushi. "Daidai yake. Wallahi daidai."

Ruwan yana cikin moɗa, ko ɗigo bai taɓa kanta ba tukuna.